Sharuɗɗan Gina Kenel ɗin Linux da Matsalar Farfaɗowa Daga Kuskuren Na'ura

Memorin kwamfuta, wato ma'adanar da furosesa ke ajiye bayanan da take aiki da su a halin da ake ciki, ba ta riƙe abin da aka ba ta ajiya daidai a kowane lokaci, domin zafi da tsufa da aibin ƙira, har ma da ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya, suna iya juya bit guda daga 0 zuwa 1 ko daga 1 zuwa 0. Binciken da Bianca Schroeder da Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber suka wallafa a 2009, wanda ya dogara da kwamfutocin kamfanin Google, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na injinan suna samun aƙalla kuskure guda mai gyaruwa a shekara, yayin da kimanin kashi 1.3 cikin ɗari ke gamuwa da kuskuren da ba ya gyaruwa. Memori mai gyara kanta, wadda aka fi sani da ECC, tana ƙara bit 8 a kan kowane bit 64, kuma da wannan ƙarin tana iya gyara bit ɗaya da ya ɓaci, ta kuma gane cewa bit biyu sun ɓaci ba tare da ta iya gyara su ba. A wannan hali na biyu ne al'amarin ke komawa hannun kenel, wato zuciyar babbar manhajar da ke rarraba memori da lokacin furosesa tsakanin shirye-shirye, kuma abin da ke gabansa shi ne ko ya tsayar da injin gaba ɗaya don kada gurɓataccen bayani ya yaɗu, ko ya killace shafin memori guda mai girman kilobayit 4, ya sadaukar da shirin da ke amfani da shi, sauran aiki ya ci gaba.

Wanne daga cikin biyun kenel zai yi ba a lokacin da kuskuren ya auku ake yanke shi ba. An riga an yanke shi tun ranar da aka gina kenel ɗin, a cikin fayil mai suna .config, wanda ke ɗauke da amsar kowace tambaya game da abin da za a saka da abin da za a bari. Harshen da ake rubuta tambayoyin da shi ana kiransa Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka karɓe shi a 2002 cikin jerin 2.5, kuma a yau zaɓuɓɓukan da ke cikinsa sun haura 10,000 nesa ba kusa ba. Zaɓi yana iya zama mai amsa biyu, a saka ko a bari, ko kuma mai amsa uku, inda ta ukun ke nufin a gina shi a matsayin modul, wato ɓangaren da ke zaune a fayil dabam sai an buƙace shi a loda shi. Alaƙa tsakanin zaɓuɓɓuka kuwa da kalmomi kaɗan ake bayyana ta. Kalmar depends on tana gindaya sharaɗi, ta yadda zaɓin ba zai ma bayyana ba sai abin da ya dogara da shi yana nan. Kalmar select tana aiki ta kishiyar hanya, domin tana tilasta kunna wani zaɓi, kuma takardun Kconfig da kansu sun yi gargaɗi cewa tana yin hakan ba tare da ta duba sharuɗɗan abin da ta kunna ba. Akwai ta uku, imply, wadda Nicolas Pitre ya ƙara a 4.10, mai ba da shawarar kunnawa amma ta bar wa mai gini damar ƙin yarda.

Waɗannan ƙa'idoji ɗaya suke ga duk sassan kenel, amma sakamakon kuskure a cikinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka manta direban katin intanet, mai injin zai gane tun a ranar farko, tun da injin ba zai haɗu da komai ba. Idan kuwa aka manta wani ɓangare na hanyar farfaɗowa, kenel zai ginu lafiya, ya tashi lafiya, ya yi watanni yana aiki babu wata alama, sai ranar da memori ta gaza sannan a ga giɓin, kuma a ranar babu damar sake gini. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne hanyar farfaɗowa sarƙa ce mai gaɓoɓi huɗu, wato na'ura ta gano kuskure, a isar da rahotonsa, a auna tsananinsa, sannan a ɗauki mataki, kuma kowace gaɓa tana zaune a wani reshe dabam na rubutun kenel, ƙarƙashin kulawar mutane dabam da fayil ɗin Kconfig dabam. Saboda haka layin sharaɗi a wannan fage alkawari ne game da halin da kenel zai nuna a mummunar rana, kuma ginuwar kenel ba tare da ƙorafi ba ba ta tabbatar da cewa an cika alkawarin.

A furosesoshin x86 na Intel da AMD, gaɓar farko ita ce tsarin binciken na'ura da ake taƙaitawa MCA, wanda ya samu cikakkiyar siffarsa a Pentium Pro a 1995, inda furosesa ke rubuta bayanin kuskure a wasu rajistoci na musamman, ta kuma katse duk abin da ake yi da katsewa mai lamba 18. Shekaru da yawa ma'anar wannan katsewa kusan ɗaya ce, wato injin ya mutu. Sai da jerin Xeon 7500 suka fito a 2010 ne furosesar x86 ta fara iya gaya wa kenel cewa kuskuren bai gyaru ba amma bai gurɓata yanayin furosesar ba, ga kuma adireshin inda yake. Linux ya riga ya shirya wa hakan, domin Andi Kleen ya rubuta sashen da ke kula da gurɓataccen shafi, aka saka shi a 2.6.32 a ƙarshen 2009, ƙarƙashin zaɓin MEMORY_FAILURE. Aikin sashen shi ne ya ɗora wa shafin alamar guba don kada a sake raba shi ga kowa, ya cire shi daga taswirar memorin duk shirin da ke riƙe da shi, sannan ya duba irin abin da ke ciki. Idan kwafin fayil ne wanda ba a canja ba, sai a watsar da shi a sake karantowa daga faifai, babu wanda ya yi asara. Idan bayani ne da aka canja ba a kai ga adanawa ba, ya tafi ke nan, kuma shirin zai samu siginar SIGBUS, ko dai mai cewa dole ne a ɗauki mataki yanzu domin shirin ya riga ya taɓa gubar, ko mai cewa an gano gubar amma ba a taɓa ta ba tukuna. Shafukan da kenel ke amfani da su don harkokin kansa kuwa, mafi yawansu ba su da hanyar ceto.

Yadda aka ɗaure MEMORY_FAILURE da nau'in furosesa misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Zaɓin yana zaune a sashen kula da memori, wanda bai kamata ya san sunan kowace furosesa ba, don haka maimakon a jera sunayensu sai aka ce ya dogara da wani ɓoyayyen zaɓi, ARCH_SUPPORTS_MEMORY_FAILURE, wanda ba shi da tambayar da ake yi wa mai gini, ba shi kuma da sharaɗi na kansa. Kowane nau'in furosesa da ya shirya sai ya kunna shi da select, kamar yadda arm64 ya yi a 2017. A x86 ma ba kai tsaye ake kunnawa ba, akwai matsakaicin zaɓi mai suna X86_SUPPORTS_MEMORY_FAILURE, wanda ke buƙatar X86_MCE, tun da babu amfanin sashen killace shafi idan babu mai kawo masa labari, yana kuma buƙatar ko dai kenel mai bit 64, ko kuma a kashe tsarin memori na SPARSEMEM. Wannan sharaɗi na biyu dalilinsa ƙarancin wuri ne tsantsa. Kowane shafin memori yana da kalma guda da ake ajiye tutocinsa a ciki, kuma a injin mai bit 32 kalmar bit 32 ce kacal, wadda tutoci ke rabawa da lambar yanki da lambar sashe, don haka idan SPARSEMEM ya ɗebi kasonsa, tutar guba ba ta samun gurbi. Abin yabawa a nan shi ne an rubuta dalilin a matsayin bayani a saman layin, ta yadda wanda ya zo bayan shekara goma zai san abin da zai rushe idan ya cire shi. Wannan tsari ya dace da ƙa'idar da ta fi kowace tsira a Kconfig, wato a yi amfani da select ga ɓoyayyen zaɓi marar sharaɗi, a bar depends on ga duk abin da mutum ke gani yana zaɓa.

Tambaya mafi nauyi tana tasowa ne idan an kunna gaɓa ɗaya an bar ta gabanta, misali X86_MCE yana nan amma MEMORY_FAILURE ba ya nan, haɗin da Kconfig ya halatta kuma yake da ma'ana ga ƙananan injina. Rubutun da ke karɓar katsewa ta 18 yana kiran aikin memory_failure, kuma idan babu shi matakin haɗa sassa zai gaza, don haka dole ne a tanadi aikin cike gurbi, wato ɗan gajeren rubutu mai suna iri ɗaya da ke tsayawa a madadin na ainihi. Abin da x86 ya yi a nan abin koyi ne. Aikin cike gurbin yana rubuta saƙo ƙarara cewa an yi watsi da kuskuren da bai gyaru ba a shafi kaza, yana kuma ba da shawarar a sake gina kenel da MEMORY_FAILURE, sannan idan aka kira shi da kuskuren da dole ne a ɗauki mataki a kansa, yana ɗaukar hakan a matsayin aibin kenel, ba ya yin shiru. Bugu da ƙari, jadawalin da ke auna tsananin kuskure shi ma yana canjawa bisa zaɓin, domin layukan da ke cewa ana iya farfaɗowa daga kuskure iri kaza ba a saka su sai MEMORY_FAILURE yana nan, idan babu su kuma hukuncin yana gangarawa zuwa tsayar da injin. Ke nan rashin zaɓin ya sa kenel ya ƙara tsanani, bai sa ya ƙara sakaci ba, kuma wannan ita ce alkiblar da ta dace, domin injin da ya tsaya ana iya tayar da shi, amma gurɓataccen bayanin da ya shiga rumbun ajiya yana iya yin shekaru ba a gano shi ba.

Ba kowane aikin cike gurbi ne ke magana haka ba. Aikin copy_mc_to_kernel, wanda Tony Luck ya fara kawowa a 2016 da sunan memcpy_mcsafe kafin Dan Williams ya sake masa suna da fasali a 5.10, yana kwafar memori ta hanyar da idan aka ci karo da guba a tsakiyar kwafi zai dawo ya faɗi adadin da ya rage, maimakon injin ya faɗi. Inda furosesa ba ta kunna ARCH_HAS_COPY_MC ba, madadinsa kwafi ne na yau da kullum wanda kodayaushe ke cewa an gama lafiya. Wannan ba ƙarya ba ce, domin idan guba ta bayyana a irin wannan injin ba za a kai ga dawowa daga kwafin ba balle a ba da amsar da ba daidai ba, amma yana nuna cewa mai rubuta madadi wajibi ne ya tambayi kansa abin da amsar nasara ke nufi ga wanda ya kira shi. Madadin da ke cewa an yi nasara alhali an bar shafi mai guba a hannun shiri, shi ne mafi haɗarin layin da za a iya rubutawa a wannan fage, kuma babu na'urar gwajin gini da za ta kama shi.

Hanya ta biyu ta isar da rahoto ita ce wadda manhajar tushe ke fara karɓar kuskuren, wato manhajar da kamfanin ƙera injin ya dasa a babban allo, wadda ke tashi kafin kenel. Ƙa'idar ACPI ta 4.0, wadda ta fito a 2009, ta tanadi wannan ƙarƙashin sunan APEI, da jadawalai huɗu: HEST mai lissafa majiyoyin kuskure, BERT mai ɗauke da kuskuren da ya kashe injin kafin wannan tashi, ERST na adana rahoto a wurin da ba ya gogewa, da EINJ na cusa kuskure da gangan don gwaji. Huang Ying na Intel ne ya rubuta tallafinsa a Linux, wanda ya shiga a 2010. Sashen da ke karanta rahotannin ana kiransa GHES, kuma rahotannin suna zuwa a tsarin CPER da ƙa'idar UEFI ta fayyace. A manyan injinan arm64 wannan hanya ce ginshiƙi, tun da ba su da tsarin MCA irin na x86, shi ya sa zaɓin da ke kula da katsewar kuskuren memori a can, ACPI_APEI_SEA, ɓoyayye ne da ke kunna kansa da zarar arm64 da GHES sun haɗu.

A nan ne ake samun abin da za a iya kira zaɓin gada, wato zaɓin da ba shi da wani aiki sai haɗa sassa biyu. ACPI_APEI_MEMORY_FAILURE yana buƙatar ACPI_APEI da MEMORY_FAILURE a tare, ACPI_APEI_PCIEAER kuma yana buƙatar ACPI_APEI da PCIEAER, wato sashen kula da kurakuran PCIe. Idan an kunna sassan biyu an bar gadar, GHES zai karɓi rahoto, ya rubuta shi a kundin saƙonni tare da adireshin shafin, amma ba zai miƙa shi ga mai killacewa ba, don haka mai kula da injin zai ga shaidar cewa kenel ya san da kuskuren, ya zaci an ɗauki mataki. Da wuya a samu dalilin da zai sa mutum ya so sassan biyu ya ƙi gadar, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa irin wannan zaɓi ya fi dacewa ya zama ɓoyayye mai kunna kansa, kamar na SEA, domin kowace tambaya da aka yi wa mai gini dama ce ta ba da amsar da ba daidai ba. Akwai kuma hujjar da ke gaba da wannan, wadda ba a raina ta, cewa Linus Torvalds ya daɗe yana ƙin sababbin zaɓuɓɓuka masu kunna kansu, saboda suna kumbura kenel ɗin mutanen da ba su nema ba. Sai dai gadar da ba ta bayyana sai mutum ya riga ya zaɓi sassanta biyu da hannunsa ba ta faɗa cikin wannan zargi. Wani ci gaba da aka samu a wannan sashe shi ne maye gurbin shingen ifdef da IS_ENABLED a wurare da dama, domin ifdef yana ɓoye rubutu daga idon manhajar harhaɗawa gaba ɗaya, har ya ruɓe ba a sani ba, alhali IS_ENABLED yana barin a duba rubutun a kowane gini sannan a zubar da shi idan ba a buƙata.

Matsalar modul ita ce ta fi yawan karya gini. Rubutun da aka gina a cikin jikin kenel ba zai iya kiran aikin da ke cikin modul kai tsaye ba, domin a lokacin haɗa sassa modul ɗin ba ya nan. Kconfig yana da hanyoyi uku da aka saba bi: a ce dole ɗayan ɓangaren ya kasance a jikin kenel, ko a rubuta sharaɗin nan mai kama da wasa da ke cewa ana dogara da abu ko rashinsa, wanda ainihin aikinsa shi ne hana wannan zama a jikin kenel idan wancan modul ne, ko kuma a yi amfani da IS_REACHABLE a cikin rubutun, wanda ke sauya kiran da madadi idan ba za a iya kaiwa gare shi ba. Ta ukun ce mafi sauƙin rubutawa kuma ita ce mafi rashin dacewa da harkar farfaɗowa, domin mai gini zai ga zaɓuɓɓukan biyu a kunne a fayil ɗinsa alhali igiyar da ke tsakaninsu a tsinke take. Tarihin GHES ya nuna wata hanyar tunani. Da farko ana iya gina shi a matsayin modul, amma a 2011 aka hana, bisa dalilin cewa da zarar an gaya wa manhajar tushe ta fara karɓar kurakurai babu hanyar janye maganar, don haka sauke modul ɗin zai bar rahotanni babu mai karɓa. Haka kuma yawancin rahotanni masu tsanani suna zuwa ne a cikin katsewar da ba a iya toshewa, inda ba a barci, ba a jiran makulli, ba a neman memori ta hanyar da aka saba, balle a loda modul, kuma wannan ne ya sa GHES ke kunna IRQ_WORK da GENERIC_ALLOCATOR, na farko don ɗage aiki zuwa lokacin da ya fi aminci, na biyu don keɓe memori tun kafin buƙata.

Alaƙar GHES da EDAC, sashen da ke ƙirga kurakuran memori yana danganta su da sandar memorin da ta haifar da su, wanda ya shiga kenel a 2006, ta nuna cewa wani lokaci ba a Kconfig ake samun maganin matsalar Kconfig ba. Shekaru da dama EDAC_GHES yana buƙatar EDAC gaba ɗaya ya kasance a jikin kenel, saboda GHES ne ke kiran sa kai tsaye. A 6.2, wanda ya fito a farkon 2023, aka juya alkiblar kiran, inda GHES ya tanadi jerin masu son a sanar da su, direban EDAC kuma ya riƙa yin rajista a jerin idan an loda shi. Da wannan sharaɗin ya faɗi da kansa, direban ya zama modul, kuma matakin killace shafi bai dogara da kasancewarsa ba. Rarrabewar da aka yi a nan tana da muhimmanci, domin ƙirga da rahoto suna iya jira ko su zo daga baya, amma matakin da ke hana guba yaɗuwa dole ne ya kasance a wurin tun daga tashi.

Ɓangaren PCIe, wato hanyar da katunan intanet da faifan NVMe da katunan zane ke haɗuwa da furosesa, yana nuna iyakar abin da Kconfig zai iya faɗa. PCIEAER yana dogara da PCIEPORTBUS, DPC mai rufe ƙofar da ta samu matsala yana dogara da AER, wato tsarin rahoton kuskure da PCIEAER ke kunnawa, EDR mai karɓar sanarwar wannan rufewa daga manhajar tushe kuma yana dogara da DPC da ACPI, kuma duk wannan a bayyane yake. Amma ko kenel ne zai riƙe ragamar AER ko manhajar tushe, wannan ana sasanta shi ne a lokacin tashi ta hanyar _OSC na ACPI, sannan farfaɗowar kanta tana buƙatar direban na'urar ya tanadi ayyukan karɓar kuskure, irin su error_detected da slot_reset, tsarin da Linas Vepstas ya assasa daga aikin injinan POWER na IBM. Direban da bai tanade su ba yana sa farfaɗowa ta gaza ko da kowane zaɓi yana kunne.

Kurakuran sharaɗi da ke karya gini ana kama su da yawa a yau. Umarnin randconfig yana ƙirƙiro amsoshi barkatai, na'urar gwajin Intel da ake kira 0-day tana gina irin waɗannan haɗe-haɗe ba dare ba rana, reshen linux-next da Stephen Rothwell ya kafa a 2008 yana haɗa ayyukan masu kula da sassa kafin su kai ga Torvalds, kuma mutane irin su Arnd Bergmann da Randy Dunlap sun shafe shekaru suna aiko da facin irin waɗannan karaya. Masu bincike a jami'o'i ma sun ba da gudummawa, daga Undertaker na Jami'ar Erlangen a Jamus, mai gano rubutun da babu wani haɗin zaɓi da zai kai gare shi, zuwa kismet, mai gano wuraren da select ke tsallake sharaɗi. Kconfig da kansa yana gargaɗi idan select ya kunna abin da sharuɗɗansa ba su cika ba, yana kuma ƙorafi idan sharuɗɗa suka zagayo suka ciji wutsiyarsu. Duk da haka, abin da waɗannan kayan aiki ke tambaya shi ne ko kenel ya ginu, kuma a nan haɗarin yake, domin wanda aka aiko wa rahoton karaya yana cikin matsin ya rufe ta da layi mafi gajarta. Idan ya ƙara select, yana iya jawo sashe zuwa furosesar da ba ta shirya masa ba. Idan ya ƙara depends on mai tsauri fiye da kima, to duk wanda ya sabunta tsohon fayil ɗinsa da olddefconfig zai rasa zaɓin ba tare da an ce masa uffan ba, domin Kconfig ba ya sanar da zaɓin da ya ɓace saboda sharaɗi. Rubutun merge_config.sh yana rage wannan haɗari, tun da yana kwatanta abin da aka nema da abin da ya fito a ƙarshe ya faɗi bambancin, kuma ya kamata duk mai gina kenel don injinan da ke ɗauke da bayanan jama'a ya ɗauki wannan gargaɗi a matsayin gazawar gini. Faci nagari a wannan fage ana gane shi da bayaninsa, wanda ke faɗin haɗin zaɓin da ya karye, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan gyara, da abin da kenel zai yi idan kuskuren na'ura ya zo a haɗin da aka bari.

Tabbatar da cewa sarƙar a haɗe take ba ya yiwuwa sai an jawo kuskure da gangan. Linux ya tanadi hanyoyi a matakai dabam-dabam: madvise da MADV_HWPOISON yana gwada gaɓar ƙarshe kaɗai, HWPOISON_INJECT yana ba da damar zaɓar shafi, X86_MCE_INJECT yana kwaikwayon rahoton furosesa, PCIEAER_INJECT yana yin haka ga PCIe, EINJ kuma shi ne mafi kusa da gaskiya, domin manhajar tushe ce ke dasa kuskuren a na'urar kanta, ko da yake sau da yawa sai an buɗe shi a saitin BIOS. Su ma waɗannan suna da nasu sharuɗɗan, domin HWPOISON_INJECT yana buƙatar DEBUG_KERNEL, EINJ yana buƙatar DEBUG_FS, kuma yanayin kulle kenel da wasu rarrabe-rarraben Linux ke kunnawa tare da Secure Boot yana taƙaita shiga debugfs. Sakamakon haka shi ne sau da yawa kenel ɗin da aka gwada ba shi ne wanda aka ɗora a injin aiki ba, kuma bambancin da ke tsakanin fayilolinsu na .config shi ne daidai wurin da gada ke iya ɓacewa. Mai kula da injin yana iya duba wasu alamu ba tare da gwaji ba, domin layin HardwareCorrupted a /proc/meminfo da fayil ɗin memory_failure_recovery a /proc/sys/vm ba sa bayyana sai an gina MEMORY_FAILURE, amma waɗannan suna shaida gaɓar ƙarshe ce kawai, ba su cewa komai game da ko rahoton GHES ko na MCA zai iso gare ta. Saboda haka cibiyoyin da suka ɗauki lamarin da muhimmanci suna gina kayan cusa kuskure a matsayin modul daga fayil ɗin .config ɗaya da na injin aiki, su loda su a injin gwaji mai irin allo da irin manhajar tushe, su dasa kuskure ta EINJ, sannan su duba ko adadin da ke layin HardwareCorrupted ya ƙaru da kilobayit 4 kuma shirin da ke riƙe da shafin ya samu SIGBUS.